Koriyar Waya: Gardamata da Baba Kan Cajin Batir a Cikin Rediyo

Yau maganar batir na zo da ita, kuma na san tun kafin in yi nisa wasu za su ce to, Malam ya fara. A yi mini uzuri. Kusan wata guda ke nan muna ja-in-ja da wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai a kan wata siririyar waya koriya, shi yana cewa in yanke ta, ni kuma ina cewa a bar ta yadda take. Har yanzu ba mu daidaita ba, shi ya sa na ga gara in baje maganar a faifai, domin ta shafi duk mai na'urar da ke cin batir a ƙasar nan, ko da bai taɓa ganin irin tawa ba.

Cikin abubuwan da nake ɗebe kewa da su a zaman Ikko akwai rediyon sha'awa. Mutanenmu na Agege in suka gan shi sai su ce oba-oba, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, tunda na'ura ce da ake magana da ita a kuma ji amsa. Bambancin shi ne oba-obar 'yan gadi iyakarta unguwa, wannan kuwa a gajeren zango take aiki, in yanayin sama ya yi kyau sai ka yi magana da mutumin Italiya ko na Brazil da 'yar waya da ka ɗaura a bishiya, ba kati ba layi. Ba a yin sa sai da lasisin gwamnati, kuma kowa da lambar kiransa. Lambobin 'yan Nijeriya da 5N suke farawa, na Nijar 5U, na Ghana 9G. Akwai masu tambayata, yanzu da wayar salula ta shigo tun 2001, me zan yi da wannan wahala? Amsar da nake ba su ita ce mai kamun kifi da ƙugiya ma ya san hanyar kasuwar kifi.

Nawa rediyon ƙirar Yaesu ne na ƙasar Japan, samfurin FT-817ND. Asalin FT-817 ya shigo kasuwa a wajajen 2001, mai ND a ƙarshe ya biyo baya a 2004, sai FT-818 a 2018. Nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai, ka sa shi a jakar hannu ka rataya, ƙarfinsa kuma wat 5 kacal. Abin da ya sa ya yi suna shi ne batirinsa a cikin cikinsa yake. A ƙarƙashinsa akwai 'yar ƙofa, in ka buɗe za ka ga ramin da ke ɗaukar batura takwas irin na rimot da agogon bango, waɗanda ake kira AA.

Sai dai kada mai karatu ya kwatanta shi da akwatin rediyon da iyayenmu ke ratayawa a kafaɗa suna sauraren BBC da Muryar Amurka. Wancan ka zuba masa batir ka manta da shi sai bayan makonni. Wannan acici ne. Sauraro kawai, ba ka ce uffan ba, yana jan abin da ya kama daga kashi ɗaya bisa huɗu zuwa kusan rabin ampiya. Da zarar ka danna maɓallin magana da cikakken ƙarfi kuwa, sai ya zuƙi kusan ampiya 2. Wato batir mai mAh 2,000, wanda shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa, zai kai ka awa biyar ko shida kana sauraro, in kana yawan surutu kuma ko rabin haka ba za ka samu ba. Wanda ya ce zai riƙa sayen batirin yarwa don wannan rediyo, to ya shirya sayar da gonarsa. Dole sai mai caji.

Hanya biyu kamfanin ya tanada. Ta farko ƙunshi ne na batura takwas da aka haɗe aka naɗe wuri guda, da ɗan soket ɗinsa, kuma shi rediyon da kansa yana iya caja shi ba sai ka ciro ba. Ta biyu ɗan akwati ne na roba mai gurbi takwas, ka zuba baturan da kake so ɗaya-ɗaya. An yi wannan akwati ne don batirin yarwa, ranar da ka shiga daji ƙunshinka ya mutu ka sayi na kanti ka rufa wa kanka asiri. Cikin wayoyin da suka fito daga akwatin akwai ɗaya koriya. Aikinta guda ne: ita ke shaida wa rediyon cewa abin da ke cikinka yanzu akwatin batirin yarwa ne, kada ka kuskura ka tura masa caji. Tun a shekarun farko masu rediyon suka gano cewa in an yanke ta, rediyon zai ɗauka ƙunshi ne, sai ya caja duk abin da ke cikin akwatin. Ke nan sai ka sayi baturan NiMH masu caji guda takwas, waɗanda sau da yawa sun fi na ƙunshin ƙarfi da araha, ka zuba, ka rufe ƙofa, shi ke nan. Dubban mutane a duniya sun yi haka.

Dattijon da nake magana Bayarabe ne, tsohon ma'aikacin sadarwa da ya yi shekaru yana aiki a Kaduna da Zariya, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Baba nake ce masa. Shi ya koya mini ɗaura eriya, shi ya nuna mini yadda ake like waya da dalma ba tare da an ƙona allo ba. Ranar da ya ga ina fama da ƙofar rediyon ina ɓanɓaro batura da farce sai ya girgiza kai.

"Malam, me ya hana ka yanke koriyar nan ka huta? Kullum buɗe, kullum rufe. Ƙofar nan roba da ƙarfe ce, ba ta da rai tara. Ranar da maƙullinta ya karye ina za ka samo wani?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ai wanda ya sa ta yana da dalili."

Ya ce, "Dalilinsa yana tsoron wawaye. Kai wawa ne?"

Dariya na yi, don ba a yi wa babba musu kai tsaye. Amma maganar ta zauna mini, na koma gida na ɗauko takarda da biro.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cajar da ke cikin rediyon nan ba ta duba batir ko kaɗan. Agogo take dubawa. Kana jona rediyon da wuta daga waje, ka shiga jerin umarninsa ka zaɓi awa 6, ko 8, ko 10, ka danna, sai ta riƙa tura wuta daidai wa daida, wajen miliampiya 250, har lokacin ya cika ta tsaya. Ko batirin fanko ne, ko rabi, ko cike yake maƙil, duk ɗaya ne a wurinta. Kuma in ka yi lissafi za ka ga ba da ka aka zaɓi waɗannan awoyi ba. Batir irin wannan ba ya riƙe duk abin da aka ba shi, wani kaso yana salwanta, don haka akan ba shi kamar ninki ɗaya da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na abin da yake ɗauka. Ƙunshin farko na FT-817 nikad ne mai mAh 1,000: awa 6 sau 250 ya ba ka 1,500. Na ND ɗin NiMH ne mai 1,400: awa 8 ya ba ka 2,000. Na FT-818 mai 1,900 ne: awa 10 ya ba ka 2,500. Kowace riga da wuyan da aka ɗinka mata. Ban ga laifin wanda ya tsara haka ba, dabara ce mai sauƙi mai araha wadda ba ta cika lalacewa ba, muddin an cika mata sharaɗi biyu: batirin ya zama ya ƙare kafin a fara, wutar kuma ta zauna daga farko har ƙarshe.

To mu nan wanne daga cikin sharuɗɗan biyu muke iya yi wa alƙawari?

Ɗauki na biyun. Ka danna awa 8 bayan sallar isha'i, ka kwanta. Ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke wuta. Da asuba ka tashi ka tarar caji ya tsaya, ba ka san ko awa uku ya samu ko biyar ba, sai dai in akwai wanda zafi ya tayar ya duba agogo lokacin da fanka ta tsaya. In wuta ta dawo ka sake dannawa, rediyon ba ya tuna abin da ya wuce jiya, daga farko zai soma ƙirga. Kuma mafi ƙanƙantar abin da zai ba ka zaɓi shi ne awa 6, alhali mai yiwuwa awa biyu kawai suka rage. Ka bar shi haka, ka yi wa batirin ɗure na awa huɗu. Ka ƙi sake dannawa, ka fita da batir rabi, ya mutu maka a tsakiyar magana. Injiniyan da ya zauna a Tokyo ya tsara wannan bai yi tunanin gidan da wuta ke zuwa kamar baƙon da bai faɗi ranar tafiyarsa ba, kuma ba zan zarge shi ba, kowa da irin garinsu.

Wani zai ce a tada janareta mana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wa zai ƙona mai na awa takwas don batura takwas? Ban da haka, ɗan ƙaramin injin nan wutarsa hawa da sauka take yi, ga ƙarar da yake cusa wa rediyo har ba ka jin kowa. Wani kuma zai ce a jona da batirin mota. Nan ma akwai magana. Kowane batirin NiMH bolt 1.2 aka rubuta masa, takwas sun zama 9.6, amma lokacin da suke dab da cika kowanne kan haura 1.4, jimla sama da bolt 11. Wuta kuwa kamar ruwa ce, daga tudu take gangarowa. Batirin motar da ke ajiye 12.6 yake in ya cika, yana aiki yana sauka zuwa 12, tudun ya zama kaɗan ke nan, cajin ba zai tafi yadda aka lissafa ba. Shi ya sa bolt 13.8 ake so a ba rediyon in ana son caji na sosai.

Me ɗuren ke yi wa batir? In NiMH ya cika, wutar da ke ci gaba da shiga ba ta da wurin zama, sai ta fara haifar da iskar oksijin a ciki, iskar ta sake haɗewa, wannan haɗuwa kuma zafi take fitarwa. In wutar kaɗan ce, kamar kashi ɗaya bisa goma na ƙarfin batirin, yana iya jurewa na wani lokaci. Miliampiya 250 a kan batir mai 2,000 kashi ɗaya bisa takwas ne, a kan mai 1,400 kuwa ya fi kashi ɗaya bisa shida, wato an ɗan haura iyakar. Sau ɗaya ba zai kashe shi ba. Amma yau da gobe, zafi na cin sa a hankali, in matsin ya yi yawa 'yar ƙofar numfashinsa ta buɗe ya fitar da iska, ruwan cikinsa ya ragu, batirin da ya kamata ya yi shekaru sai ya tsufa cikin watanni. Yanzu a haɗa da namu zafin. Masu ƙera batura kan ce kada a yi caji a wurin da ya haura digiri 40 zuwa 45. Ɗakina mai rufin kwano a watan Fabrairu da Maris ya riga ya wuce 30 tun kafin a kunna komai, ga baturan a matse cikin ramin ƙarfe ba iska, in kuma kana sauraro lokacin da ake cajin, rediyon ma nasa ɗumin yake ƙarawa. Tazarar da ta rage ba ta da yawa.

Cajar waje mai wayo ba haka take ba. Ita tana sa ido a kan kowane batir. NiMH yana da wata ɗabi'a, da zarar ya cika sai ƙarfinsa ya ɗan yi ƙasa da 'yan milibolt, jikinsa kuma ya fara ɗumi. Caja mai kyau wannan alama take jira, tana gani ta janye hannu. In aka ɗauke wuta aka dawo, ba ruwanta da awa nawa aka yi jiya, batirin za ta sake tambaya. A nan adalci ya sa in faɗi cewa alamar ba ta fitowa sosai in cajin a hankali ake yin sa, don haka a irin 'yar wutar da rediyon ke turawa, agogon ma ba wauta ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ko wuta ta zauna shekara ba ta motsa ba yana nan. Baturan nan takwas a jere suke, kamar raƙuman ayari da aka ɗaure da igiya ɗaya. Abin da ya ratsa na farko shi zai ratsa na takwas. Amma ba a taɓa samun batura takwas da ƙarfinsu ya zo ɗaya sak, ko da daga kwali guda suka fito, kuma suna tsufa bambancin na ƙaruwa. Wajen caji, mai rauni shi ke fara cika, ya zauna yana shan ɗure kafin sauran su iso. Wajen aiki shi ke fara ƙarewa, sauran bakwai kuma ba su san ya ƙare ba, sai su ci gaba da tura wuta ta cikinsa ta baya, abin da ke lalata shi gaba ɗaya. Kai kuma a fuskar rediyon jimla kawai kake gani, ba za ka san wane ne ya gaza ba, sai dai ka ce batura sun mutu ka zubar da takwas alhali ɗaya ne mai laifi. In ka bar su a rufe a ciki wata da watanni, ba ranar da za ka gane. In kana ciro su kana sa su a cajar da ke da gurbi daban-daban, musamman mai auna ƙarfin kowanne, ranar farko za ta tona masa asiri.

Nan ne ma ake kama na jabu. Duk batirin AA na NiMH da ka ga an rubuta masa 3,500 ko 4,800, ka ajiye shi ka yi gaba, don na gaskiya ba su cika wuce 2,500 zuwa 2,800 ba. Wata dabara da Baba ya koya mini ita ce sikeli: na ƙwarai yana kai giram 26 zuwa 30, na bogi kuwa za ka ji shi sakayau a hannu. Yanzu ka ɗauka ka zuba irin wannan a rediyo, ka gaskata rubutun jikinsa, ka ba shi awa 10, alhali cikinsa bai fi 600 ba.

Duk wannan da na lissafa, Baba ya ji, ya ce ya yarda da rabi. Amma ya ce ba su ne dalilin koriyar waya ba, kuma gaskiyarsa. Ita batirin yarwa take karewa. Batirin alkalin ba a yi shi don a mayar masa da wuta ba. In aka matsa masa sai iska ta taru a cikinsa, ya kumbura, ya fashe ta gindi, ya zubo da wani ruwa mai kaifi, dangin ruwan toka mai ƙarfi da ake sabulu da shi. Wannan ruwa yana cin jan ƙarfe, yana bin waya ya shiga inda ba a gani, ya bushe ya bar farin gari. Abin mamaki, a kan teburin Baban na taɓa ganin misalin. Wani ne ya kawo masa irin rediyon nan, wanda ya saya a hannu, bai san mai shi na farko ya yanke wayar ba. Ya zuba alkalin, ya jona wuta, ya danna caji don gwaji. Baba ya kwana biyu yana wanke ramin da burushi, ya sauya wayoyi, ya ceto rediyon da ƙyar. Da na tuna masa sai ya ce, "Ai ka ga abin da na faɗa. Laifin mutum ne, ba na waya ba."

Ni kuwa a nan na tsaya. Baba shi kaɗai yake zaune da matarsa, ba mai taɓa masa tebur. Ni gidana gidan Bahaushe ne a Kudu: yau ɗan ƙanena ya zo neman aiki, gobe ɗan maƙwabcinmu na gida ya sauka kafin ya sami mota, jibi wani ya kawo kaya Mile 12 ya kwana. Batir a gidana ba shi da mai shi. Na rimot ya koma tocila, na tocila ya koma agogo. Akwai ɗan ƙanwata da ke wajena yana karatu, yaro mai kaifin basira da son taɓe-taɓe, ina kuma so ya koyi rediyon nan don ban ga wani magajin ba. Wata rana na dawo na tarar ya jera baturana a tabarma yana gwada su da mita, ya ce, "Kawu, biyu sun yi sanyi, na ga akwai sababbi a durowa, in cika da su?" Sababbin da yake nufi alkalin ne. Ya kyauta da ya tambaya, na kuma yi masa bayani ya gane. Amma ba zan gina lafiyar rediyona a kan cewa kowane yaro zai tambaya kullum, ko kuma ina gida ranar da zai yi tambayar ba.

Sannan rediyon ba wanda za a ce in ya lalace a je kanti a ɗauko sabo ba ne. A ƙarshen 2022 kamfanin ya sanar da daina ƙera FT-818, saboda wahalar samun kayan haɗa shi, wato zuriyar ta ƙare ke nan bayan shekara ashirin da 'yan kai. Waɗanda ke hannun mutane su ne za su yi ta zagayawa daga wannan zuwa wancan. Nawa ma wata rana zai bar hannuna, ko da rai ko ba rai. Wanda zai karɓa zai buɗe littafin rediyon ya karanta cewa akwatin nan ba ya caji, ya gaskata. Baba ya ce sai in manna takarda a ciki in rubuta gargaɗi. Na ce Baba, a laimar Ikko wace takarda ce ke shekara biyu a manne?

Ba wai maganarsa ba ta da nauyi ba. Gurbin baturan a matse yake, masu ƙarfi sosai kuma sukan ɗan fi kauri, garin cirewa da sawa rigar robar da ke jikinsu na iya yagewa, in ƙarfen jikin batir ya taɓa inda bai kamata ba kuwa, NiMH na iya sakin wuta mai yawan da za ta narka waya. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ya fi kusa da mai yawan buɗewa irina. Saboda haka duk batirin da rigarsa ta yage nakan fitar da shi daga layi nan take. Su ma masu yankewa, masu hankalin cikinsu sukan ƙara ɗan fis a kan wayar saboda irin wannan, Baba ma ya sa a nasa. Na kuma yarda cewa wanda ke zaune shi kaɗai, da batura masu kyau 'yan kwali ɗaya, yana rubuta awoyinsa, zai iya shekaru da yankakkiyar waya lafiya lau. Baban shaida ne. Ni dai ba ni ne wannan mutumin ba.

Abin da ya rage mini yawan buɗe ƙofar shi ne irin baturan da ba sa zubar da caji in an ajiye su. Tsofaffin NiMH in ka caja ka ajiye wata ɗaya ko biyu, musamman a zafi, sai ka tarar sun yi ƙasa sosai, shi ya sa mutane ke yawan danna caji a kan batirin da bai ƙare ba, don kada a yi abin kunya. A 2005 kamfanin Sanyo ya fito da Eneloop, wanda yanzu ke hannun Panasonic, mai riƙe mafi yawan cajinsa har bayan shekara, wasu kamfanonin ma suka bi. Da irinsu ba ka da dalilin ƙara wa cikakke.

Gargaɗi ɗaya ga matasa masu son lityam, tunda yanzu ko'ina shi ne. Kada a kuskura a bar cajar cikin rediyon nan ta taɓa batirin lityam. Shi ba ya yafe ɗure, dole a tsaya cak a bolt 4.2 kan kowane ɗaya, in aka wuce gobara ce. Akwai ma wani mai lamba 14500 da girmansa daidai da AA, zai shiga gurbin tsaf, amma bolt 3.7 ne, takwas sun kusa bolt 30, rediyon kuwa iyakar abin da yake ɗauka 16. Masu sayar da ƙunshin lityam na wannan rediyo da tasu cajar daban suke haɗowa, kuma da ita kaɗai ake amfani.

Yadda nake yi yanzu ke nan. Ƙunshin kamfani yana nan, shi kaɗai nake bari rediyon ya caja, shi ma sai ya ƙare, kuma da rana ina zaune, daga batirin sola na gida ba daga soket ba, na rubuta lokacin farawa a bayan littafin da nake rubuta waɗanda na yi magana da su. In na taɓa ƙasan rediyon na ji ya fara ɗumi fiye da yadda na sani, na cire waya ko agogo bai cika ba. Baturan AA kuwa jeri biyu gare ni, takwas-takwas, na sa wa jeri ɗaya ɗigon jan fenti ɗaya kuma shuɗi don kada su cakuɗe, a waje nake caja su hurhuɗu. In zaman gida ne ko doguwar fita, ba na ma taɓa na cikin, ɗan batirin LiFePO4 mai bolt 12.8 nake jonawa ta baya. Duk wata uku nakan sa caja ta auna ƙarfin kowane ɗaya. A awon da na yi makon jiya, bakwai daga cikin masu jan fenti sun ba da tsakanin 1,800 da 1,900, na takwas ya tsaya a 1,300 da 'yan kai. Na cire shi na sa a agogon falo, inda zai yi shekara ba wanda ya san yana da rauni, sauran bakwai kuma na raba su tsakanin tocila da rimot, don sabo ɗaya a cikin tsofaffi bakwai ma wani rashin daidaiton ne. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan shiga Alaba neman sababbi takwas, da ɗan sikelina a aljihu.